Yatsan da Ya San Lambar

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki da abin da ke cikinki. Allah ya sauke ki lafiya. Ina kuma fata kina bin maganar likita kina hutawa, ba kina zagaya gadajen asibitin nan naku kina duba marasa lafiya ba, alhali ke ma abar dubawa ce. Na san halinki.

Mu nan da sauƙi. An sallamo Babanku, yana gida. Hannun dama da ƙafar dama ba su motsi, baki ya ɗan karkace, magana kuwa babu. Yana ji, yana ganewa, in na faɗi abin da bai yi masa ba yana harara ta kamar da. Amma in ya buɗe baki sai iska da ɗan gurnani. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki haka take, wataƙila maganar ta dawo, wataƙila kuma ba za ta dawo ba. Ban ga amfanin dogon karatun da zai ƙare a "wataƙila" ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban da ke kai muku magunguna. Ƙaramar wayata ce ta rufe. Faɗuwa ta yi, batir ya fita, da na mayar sai ta ce in sa lamba. Na sa ta katin banki, ta ƙi. Na sa ta ƙofar benenmu, ta ƙi. Na sake sa wata, sai ta kulle layin gaba ɗaya. Na je ofishin kamfanin, na yi jira har ƙafafuna suka kumbura. Wata yarinya mai dogayen farata ta ce da sunan Babanku aka yi rajistar layin, sai shi ya zo da kansa ya amsa tambayoyi. Na ce mata mai layin ba ya magana. Ta ce to ya rubuta. Na ce hannun rubutun ne ya shanye. Ta ce, "Ayya, sannu Mama. Na gaba!"

Auta, wace irin duniya kuka gina mana? Da makulli ɗaya na riƙe gidan nan na raine ku, yana ɗaure a bakin zanena, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Yau katin banki da lambarsa, mitar wuta da tata, ƙofar bene da tata tun da aka yi mana sata, fansho da tasa, katin asibiti da tasa. Kuma a ce kada ka rubuta, kada ka faɗa wa kowa, kada ka sa iri ɗaya, kada ka manta. Wannan ba tsaro ba ne, rashin yarda ne aka mayar doka. Mutum da furfurarsa ya tsaya yana rantse wa ƙarfe cewa shi ne shi.

Ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Muna asibiti wayar Babanku ta dame mu da ƙara, sai na kashe ta na jefa a jaka. Kin san dokata, mara lafiya da waya ba su zama ɗaki ɗaya. Da muka dawo gida ya yi ta nuna jakar da hannun hagu. Na kunna, na ɗora babban yatsansa kamar yadda yake yi, ta ƙi buɗewa, wai lamba take so. Na miƙa masa. Ya daɗe yana kallonta, yatsan hagu yana yawo a sama bai sauka ko'ina ba, sai na ga hawaye. Na karɓe. Tun ranar ba ya cin abincin kirki, idonsa na kan jakar.

Ke kika saya masa, ke kika saita. Ki rubuto mini lambar. Kuma kada ki neme ni ta wayar maƙwabta. Ba na zancen gidana a falon wani, ana yi mini kasa kunne ana cewa ana shara.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Baba, ki riƙe mini hannunsa ki ce Autarsa ce. Ni lafiya lau, sai nauyi da kumburin ƙafa. Likita ya hana ni doguwar tafiya har sai na haihu, na roƙe shi har ya gaji da ni. Mijina yana gaishe ku.

Na kira matar ƙasan bene sau da yawa, ta ce kin ce a ce mini kina aiki. Umma, sai na hau tudun bayan asibiti kafin in samu sabis, da wannan cikin. Amma shi ke nan, ga takarda.

Ban san lambar ba, wallahi. Ranar da na saita wayar ya ce in juya baya, shi ya sa abarsa. Daga baya na ce ya faɗa mini saboda tsaro, sai ya yi dariya ya ce shi ma bai sani ba, yatsansa ne ya sani. Ya ce duk shekarun da ya yi yana buga tafireta a ofis, in ka tambaye shi ina harafi kaza yake sai ya yi tunani, amma yatsun suna zuwa da kansu. Ina jin shi ya sa hannun hagun ya kasa. Lambar tana hannun dama.

Ita kuma irin wannan waya, in aka kashe ta aka kunna, ba ta karɓar yatsa sai an fara sa lamba. Ba laifinki ba ne, ba ki sani ba.

Don Allah Umma kada ki yi ta gwadawa. Bayan an sace tsohuwar wayarsa na kunna wani tsari a wannan: in aka yi ta sa lambar da ba ita ba, za ta goge duk abin da ke cikinta. A lokacin gani nake dabara na yi. Kuma akwai abin da Baba ya ɗauka da muryarsa a ciki wanda ya shafe ki. Ya ce kada in faɗa miki, shi zai ba ki in ya shirya. Ba zan karya masa alkawari yana kwance ba. Ki dai ajiye ta, ki riƙa sa mata caji.

Ki ci abinci ke ma. Na san kina tsaye a kan kowa, babu mai tsayawa a kanki.

Autarki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Babanku ya fara zama a kujera in an jingina shi da matashi. Mai motsa masa jiki yana zuwa, yana lanƙwasa hannun yana miƙewa, hannun kuwa kamar na wani. Allah ya ƙara miki lafiya.

Takardarki ta yi kwanaki a hanya, motar direban ta lalace. Kafin ta iso na riga na gwada abin da kowane mai hankali zai gwada: shekarar haihuwarsa, ta yayyenki, taki, lambar tsohon babur ɗinsa. Babu wanda ya gaya mini kin ɗana tarko a ciki. Haka kuke, ku yi abu a ɓoye ku kira shi dabara, in ya fashe a hannun babba ku ce "ba laifinki ba ne, ba ki sani ba." Na gode da wannan afuwa. Na yi sakandare tun ba a yi tunanin haihuwarki ba, ni ce kyaftin ɗin ɗakin kwananmu, ba a taɓa ce mini ban sani ba sai yau.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. "Abin da ya shafe ki." "Kada in faɗa miki." Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi. Ina ganinsa da yamma a baranda, ya kara waya a baki yana ƙus-ƙus, da na leƙo sai ya yi shiru. Na tambaye shi, ya ce labarai yake ajiye wa jikan da ke tafe. Na ce masa babba da kai kana hira da ƙarfe kamar wanda aka yi wa asiri, na wuce. Ashe ƙarata ake kaiwa. Ashe uba da 'ya sun buɗe mini kotu a baranda, ni ina kicin ina dafa masa abinci ba gishiri saboda hawan jini.

Na san abin da ake cewa a kaina. Mai faɗa, mai doka, mai kashe soket. To wa ya riƙe gidan? Shi mai haƙuri ne, kowa na sonsa, saboda akwai wadda ta ɗauki baƙin jinin a madadinsa. In yana da ƙorafi, ga ni ga shi a ɗaki ɗaya tsawon rayuwa, me ya hana shi faɗa?

Ba zan ɓoye miki ba, bayan na karanta takardarki ma na sake gwadawa. Raina a ɓace yake, ina so in ji da kunnena. Na sa shekarar aurenmu. Na sa lambar ofishinsa na da. Kowane kuskure sai ta ce in jira, jiran yana ƙara tsawo, ni da nake ba yara horo yau waya ke ba ni. Yanzu ta rubuta gargaɗi da jan rubutu: saura gwaji ɗaya, daga shi za ta goge komai.

Na kai wa mai gyaran waya na bakin titi, wanda ke ƙarƙashin lema. Ya jujjuya ta ya ce, "Mama, buɗewa kam zan buɗe, amma wanke ta zan yi tas. Hoto, murya, lambobin mutane, babu abin da zai saura." Na ce babu wata hanya? Ya ce, "In akwai, da ɓarayi sun riga mu saninta."

Na yanke shawara. Ranar Asabar zan kai masa ya wanke. Babanku ya samu wayarsa ya riƙa kallon hotunan da za ki turo, ya daina zuba wa jaka ido. Abin da aka faɗa a bayan idona kuwa, ya tafi inda ya fito. Gidan da babu ɓoye-ɓoye shi na sani, shi zan mutu a kai.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. An kwantar da ni a asibitinmu, jinina ya ɗan hau, amma kada ki tayar da hankali, abokan aikina suna kaina.

Takardarki sai ranar Lahadi ta zo hannuna. Asabar ta riga ta wuce. Mijina ya hau tudu ya kira matar ƙasan bene, wayarta a kashe. Ina rubuta wannan ban sani ba ko akwai sauran abin da zan ceta. Ki yi haƙuri da rubutun.

Umma, ba ƙara ba ce. Wallahi ba ƙara ba ce. Ni na rubuta maganar a dunƙule, ina ganin alkawari nake riƙewa. Yanzu zan karya shi, Baba ya yafe mini.

Labaran jika gaskiya ne, suna ciki. Amma zuwana na ƙarshe ya ce in nuna masa yadda ake ware wasu a wuri daban. Na ce na wane ne? Ya ce, "Na Kyaftin ne." Kin san shi kaɗai ke kiranki haka. Ya ce tun da likita ya fara yi masa maganar jininsa yake jin akwai abubuwan da bai taɓa gaya miki ba. Na ce to ka gaya mata mana, Baba, ga ta can a kicin. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Uwarki? Tun da na aure ta ban taɓa kai ƙarshen magana ba. Ina farawa ta san inda za ni, ta ƙarasa mini, ta ba ni amsa, ta ɗora da nasiha. Ita waya ba ta katse mutum."

Ba da ɓacin rai ya faɗa ba, Umma. Fuskarsa irin ta ranar da yake ba mu labarin yadda ya fara ganinki ce, kina tsaye a tashar mota kina yi wa kwandasta faɗa saboda ya ture wata tsohuwa. Ban ji abin da ya ɗauka ba, ko kalma ɗaya. Na dai san ya ce godiya ce ta fi yawa, sai abu ɗaya da yake so ki yafe masa, sai waƙar da ya ce in ya yi miki a gabanki za ki ce ya girma da wannan.

Ni ba ni da muryarsa ko'ina. Shi kira yake yi, ba ya turo saƙon murya. 'Yan bidiyon da nake da su suna tsohuwar wayata da ta faɗa ruwa, ma'ajiyarsu ta intanet kuma na manta kalmar sirrinta, lambar farfaɗo da ita tana zuwa layin da na daina amfani da shi. Ni da nake yi miki dariya. In wayar nan ta tafi, ɗana ba zai taɓa jin yadda kakansa ke magana ba, ke kuma ba za ki ji naki ba.

In kin riga kin kai, kada ki gaya wa Baba. Ni ma ki faɗa mini a hankali.

Autarki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ki kwantar da hankalinki, hawan jini da ciki ba abin wasa ba ne. Ki rage gishiri, ki kwanta ta gefen hagu, ki bar mijinki ya yi hawan tudun. Ke ma'aikaciyar jinya ce, amma ni na haife ki.

Ba a wanke ba.

Ba don na sauya shawara ba ne, kada ki ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. Ranar Asabar na shirya, na zo ɗaukar jaka a gefen kujerarsa, sai ya damƙe igiyarta da hannun hagu. Ashe ya ji lokacin da nake gaya wa mai motsa masa jiki inda za ni. Na ce saki. Ya ƙi. Na ja, ya ja, har ya kusa zamowa daga kujera. Mutumin da cokali ke gagararsa. Yana kallona yana wannan gurnani, jijiyar wuyansa ta tashi. Na ji tsoro kada wani abu ya sake tsinkewa a kansa, na sakar masa. Ranar nan da jakar a cinyarsa ya yini. A ganina tsoron tonuwar asiri ma ya kamata ya sa shi son a goge, na kasa gane abin da yake karewa, sai da takardarki ta zo.

Na karanta ta a kicin. Ba zan ce miki komai a kan wannan ba.

Amma maganar wai ba na bari ya kai ƙarshe, ban yarda da ita duka ba. Babanku yana da jan zance. Mutum zai ce a miƙo masa ruwa sai ya faro daga ranar da aka haƙa rijiya. Ga yara, ga girki, ga wanki, wani ya zama dole ya taƙaita. Kuma kuskure ne babba mutum ya zuba abin da ke ransa a cikin abin da ke buƙatar lamba. Ki riƙe wannan a gidanki: abin da za ki faɗa wa mijinki ki faɗa masa da baki, yau, ko yana sauraro ko ba ya yi.

Na koma wurin mai gyara ko akwai wanda ya fi shi sani. Ya tura ni wani babban shago mai gilashi, su ma suka ce sai lamba, ko kalmar sirrin asusun da aka buɗe wayar da shi. Na ce wane asusu? Suka ce mai wayar ya sani. Ko'ina na je, mai wayar ya sani. Mai wayar yana gida yana kallon silin.

Jiya na zauna kusa da shi na ce, "Auta ta gaya mini." Ya rufe ido. Na ɗauko wayar, na ɗaga hannun daman na tallafe shi a tafina, na kawo yatsan saitin lambobin ba tare da ya taɓa ba. Na ce ko zai tuna hanya. Auta, yatsun nan da ke gudu a kan tafireta har maƙwabta na cewa ruwa ake a kwano, suna kwance a hannuna kamar an jiƙa tsumma. Muka daɗe a haka. Manunin ya ɗan yi wani motsi, ko kuma hannuna ne ya yi rawa, ban sani ba. Sai ya sa hannun hagu ya ture wayar gefe a hankali. Shi ma ya san saura ɗaya.

Na tambayi mai motsa masa jiki ko yatsun za su dawo. Ya ce wataƙila. Na tambaye shi in sun dawo za su tuna? Ya ce wannan sai Allah. Kowa dai da wataƙilarsa.

Don haka ga abin da ake ciki. Gwajin da ya rage ba nawa ba ne, ba naki ba ne, na wannan yatsa ne. Wayar tana kan shiryayye inda yake ganinta, a jone da caji. Soket ɗin nan shi kaɗai ne ba a kashewa a gidan nan, na liƙa masa salatif kada hannuna ya yi abin da ya saba. In an ɗauke wuta sai in tashi in duba ko nawa cajin ya rage. Ni ce yau nake gadin waya.

Da safen nan ina ba shi shayi sai ya kama hannuna ya buɗe baki. Ya ce, "Kya…" Ya tsaya. Ya sake cewa, "Kya…" Sauti na farko ke nan mai kama da magana tun da ya faɗi. Na san kalmar, Auta. Tana kan harshena, da ita da amsarta. Na danne bakina da gefen mayafi. Ya yi ta fama, gumi ya keto masa, shayin ya huce a hannuna. Bai ƙarasa ba. Ya gaji, barci ya ɗauke shi.

In ya tashi zan ɗumama shayin in koma in zauna. Ba ni da wani aiki da ya fi wannan yanzu.

Ki gaida mijinki. Ki rage gishiri, na ce.

Mahaifiyarki.